Wanne Ne Maƙerin a Cikinsu? Shekaruna a Garin Wuƙaƙe



Takardar gayyata ta ce in yi magana a kan masana'antar ƙarfe. Na duba na ga in na bi taken yadda yake, nan za mu kai magariba muna lissafin tan nawa ya kamata a ce mun narka, mu tashi rai a ɓace. Shi ya sa na rage maganar ta dawo daidai aljihu. Ga ta nan. 'Yar wuƙa ce mai naɗewa, ruwa biyu, ƙotarta ƙahon barewa. Zan miƙa ta ta zagaya. Kowa ya buɗe a hankali, ya rufe, ya saurari ƙarar da take yi, sa'an nan ya duba gindin ruwan. Zai ga an buga sunan wani gari na arewacin Ingila, Sheffield, wanda mu Shefil muke ce masa. A can na yi shekara huɗu, daga 1972 zuwa 1976, rabin lokacina a jami'a, rabi a wasu lunguna da malaman jami'ar ba su taɓa leƙawa ba.

Ni ɗan maƙera ne. Tun kafin a sa ni boko nake zaune gindin zuga-zugi, kuma da tsohon sifirin mota mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake ƙera wa mahautan garinmu wuƙa. Da aka fara shirin kafa masana'antar ƙarfe a ƙasar nan, aka tura wasunmu waje karatu, ni rabona ya faɗa Jami'ar Shefil. Hunturun farko bai ƙare ba kuɗin da ake aiko mana ya fara makara, wata biyu, wata uku, ga kuɗin haya, ga mitar gas da ba ta ba ka ɗumi sai ka jefa mata kwabo. Wani dattijo ɗan Yaman, cikin waɗanda suka zo aikin ƙarfe tun shekarun 1950, da muke haɗuwa da shi Juma'a a wani gida da suka mayar masallaci, shi ya ce mini: “Ɗana, ka san wuta, ka san guduma, yunwa ba ta kashe irinka a garin nan.” Ya kai ni wurin wani ƙaramin mai sana'a da ke neman ɗan aike na ranar Asabar da lokacin hutu.

Ɗan aike kuwa na zama, da baro. Kuma da an tambaye ni yau wane aiki ne ya fi koya mini yadda garin yake, sai in ce wannan baron. Ni da na zata zan ga katafaren gini inda ƙarfe ke shiga ta wannan ƙofa wuƙa ta fita ta waccan, sai na tarar da wani abu daban. Manyan kamfanoni suna nan, amma ƙashin bayan sana'ar ƙananan masu gida ne, waɗanda suke kira little mesters, kowa da ɗakinsa na haya a wani tsohon bene mai baƙin bulo, kana shiga ta ƙofar da aka yi don keken doki sai ka faɗa tsakar gida, matakala ta kowace kusurwa, ƙara ta kowace taga. Wannan buga ruwan wuƙa kawai yake yi. Wancan washi kawai. Na sama ƙota kawai. Maigidana shi ne mai karɓo oda, ya sayi ƙarfe, ya rarraba aikin, ya tattara, ya naɗe a takarda mai maiƙo. Ni ne igiyar da ke haɗa su. In kwashi dozin-dozin daga wurin mai bugu in kai wa mai ƙonawa da tsomawa a mai, in kwaso in kai wa mai washi, daga nan wurin masu gogewa, sai mai buga tambari da asid, sai mai ƙota, a dawo wurin mai ba da kaifin ƙarshe. Garin kuwa tuddai ne, ba ka da inda za ka tura baro a miƙe. Kowane ɗayansu a kan dozin ake biyansa, kuma tun ƙarni na 18 ake rigima a garin kan masu gidan da ke son a ƙirga musu goma sha uku a matsayin dozin.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai ba ƙarfe ba ne, baki ne. Turancin da na ci jarrabawa da shi bai yi mini amfani ba sai bayan wata uku. Kuma a garin nan ƙato mai gashin baki, hannu kamar faranti, zai dubi ƙato ɗan'uwansa ya kira shi da kalmar da ma'anarta “abin ƙaunata”. Ranar da aka fara ce mini haka na waiga in ga da wa ake. Daga baya na gane kamar yadda za ka ce “malam” ko “ɗan'uwa” ne, har kwandastan bas haka yake ce wa kowa.

Cikin duk waɗanda nake kai wa kaya, mai washi ne ya riƙe ni. Dattijo ne da ya haura sittin, gajere, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zuga-zugi. Ɗakinsa a ƙasa yake, rabi cikin rami, taga ɗaya da ba a taɓa wankewa ba. Dutsen washin ya kai ƙirjina tsawo in yana sabo, ƙasansa cikin kwami mai ruwa, bel na juya shi daga wani ƙarfe da ya ratsa ɗakin. Shi kuma yana zaune a kan wani katako a bayan dutsen, ƙafa nan ƙafa can kamar mahayi, su ma da sunan doki suke kiran katakon. Sai ya sunkuya, ya ɗora ruwan wuƙa a kan dutsen, ya danne da wani ɗan faffaɗan itace, ya sa nauyin kafaɗunsa duka. Tartsatsi ya yi gaba, ruwa mai laka ya fantsama. Wannan lakar, garin dutse da garin ƙarfe da tsatsa, ta yi wa bangon gabansa tudu kamar gidan gara, ta rina masa wando da gira da kofin shayinsa. Na lura an ɗaure katakon da yake zaune a kai da sarƙa mai kauri, an kafe ta a ƙasa. Na tambaye shi dalili. Ya nuna mini silin, inda aka yi faci da siminti. Dutse in ya fashe yana cikin gudu, sama yake yi da mai shi. Shi ya sa kafin ya ɗora sabon dutse sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma ya kasa kunne. In ya yi amo, lafiya. In ya yi dum, akwai tsaga a ciki, ba zai hau ba ko nawa za a biya shi. Na ga mahaifiyata tana yi wa tukunyar ƙasa haka a kasuwa.

Wata Lahadi ya ɗauke ni muka bi gefen wani rafi da ake kira Porter har wani tsohon wurin washi, Shepherd Wheel, wanda aka bari don masu kallo. A nan na fahimci abin da ya sa sana'ar ta zauna a garin. Koguna biyar ne ke gangarowa daga tuddai su haɗu: Don, Sheaf, Rivelin, Loxley da Porter. Kafin injin tururi, ruwan nan ake tarewa ya juya babbar ƙafa, ƙafar ta juya duwatsu. Dutsen washi a kusa ake fasa shi, gawayi da kwal suna nan, ƙarfe mai kyau kuma daga Suwidin ake kawowa. Tun 1297 akwai mai ƙera wuƙa a takardun harajin garin, kuma a ƙarni na 14 mawallafin nan Chaucer ya ambaci wuƙar Shefil a labaransa kamar abin da kowa ya sani. Dattijon bai san shekarun nan ba, ni na nemo su daga baya. Abin da ya sani shi ne kakansa a irin wannan ɗaki ya yi aiki, kuma bai kai arba'in ba.

A nan nake so ɗalibai su buɗe kunne, domin mu tsofaffi muna da wata cuta, in muna ba da labarin da sai mu shafa masa zuma. Washi kisa yake yi. Ƙurar dutsen yashi in ta shiga huhu ba ta fita. Wani likitan garin, Arnold Knight, ya yi rubutu a kan cutar tun 1830, kuma marubucin nan Engels ya ɗauko bayanansa a littafinsa na 1845 kan halin da ma'aikatan Ingila ke ciki. Masu washi a busasshen dutse, musamman na cokali mai yatsu, da ƙyar suke kai shekara 35. Masu jiƙaƙƙen dutse ba kasafai suke wuce 45 ba. Har likitan ya lura mashayan cikinsu sun fi daɗewa a duniya, don sun fi yawan fashin aiki. Abin da ya fi ba ni mamaki, da aka fara kawo na'urar zuƙe ƙura, wasu masu washin da kansu suka ƙi ta, suna tsoron in aikin ya daina kisa mutane za su cika shi lada ya faɗi. Ku dubi irin talaucin da zai sa mutum ya yi wannan lissafi. A zamanina an riga an koma dutsen da ake haɗawa a masana'anta, ga fanka mai jan ƙura, amma dattijon ya fara aiki yana ɗan shekara 14 a kan dutsen yashi, kuma huhunsa bai manta ba.

Bayan na shekara ina tura baro ya yarda in hau dokin. Wuƙaƙen mahauta ne, na baƙin ƙarfe mai kabon, irin wanda nake ji da kaina na san shi ciki da waje. A makon ma muka yi darasinsa a jami'a. Na san ana kai shi wajen digiri 800 a tsoma, ya yi tauri kamar gilashi, sa'an nan a sake ɗumama shi kaɗan don ya rage gautsi. Na san launin da yake yi a kowane mataki, ruwan kara a wajen digiri 230, shuɗi a wajen 300. Na hau, na danna. Dutsen ya fizgi wuƙar farko ya jefa ta cikin kwami. Ta biyu na riƙe da ƙarfi, na daɗe a wuri ɗaya, ina ɗagowa na ga bakin ya yi shuɗi kyakkyawa kamar wuyan tantabara. Na ƙone ta ke nan, taurin ya tafi, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba. Kafin ya dawo daga shan taba na ɓata bakwai. Ya jera su a kan benci, ya dube su, ya dube ni, ya ce: “Yaro, digiri nawa ka ce wannan launin?” Na faɗa masa. Ya ce: “To, ni shekara hamsin ban san lambar ba. A yatsa nake jin ta tun ba ta iso ba.” Daga ladana aka cire kuɗin bakwai ɗin, kuma daidai ne.

Kada wani ya ɗauka ina cewa littafi banza ne. Da littafi na ci abinci shekara talatin da biyar. Abin da na gano a ɗakin nan shi ne akwai wani ilimi da bai taɓa shiga takarda ba. Dattijon yana wasa wuƙa ta fito da kauri a gindi, tana sirancewa zuwa tsini, bayanta da ɗan tudu kaɗan yadda nama ba zai manne ba, dozin bayan dozin duk iri ɗaya, babu ma'auni a hannunsa. In ka ce ya bayyana yadda yake yi, sai ya ce ka duba. Haka mahaifina yake cewa.

Sama da ɗakin mai washin, hawa biyu, matan da ke goge cokula suke. Af, na manta ban faɗa ba, a Shefil in ka haɗa cokali da wuƙa a suna ɗaya za a gyara maka. Abin da ke yanka daban, cokali da mai yatsu daban, masu yin su ma daban. Cokulan da nake kai musu na wani gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da zinki, wanda ake kira da sunan azurfa alhali babu ko ɗigonta a ciki, sai an gama gogewa ake shafa masa ruwan azurfa da lantarki. Tun daga matakala za ka ji matan, domin waƙa suke yi gaba ɗaya don su danne ƙarar inji. Kowace tana tsaye gaban sanda mai juyawa da faifan fata a bakinsa, ta ɗebi yashin kogin Trent da aka kwaɓa da mai da hannun hagu, ta zuba tsakanin cokali da faifai, ta danna. Yashin nan baƙi yake dawowa, kuma a jikinta yake sauka. Shi ya sa shigarsu ta zama abin da aka san garin da shi: riga ta akoko mai ɗaurin baya, yadda in inji ya kama za a fizge ta nan take, jan ɗankwali a ka, wani jan ƙyalle a wuya, yatsu a naɗe da tsumma, sa'an nan takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa, irin ta buhun siminti, an ɗaura a ƙirji da ciki da ƙwauri da igiya. In ta jiƙe da mai a yar a ɗaura sabuwa. Tun 1919 wani mai zane, William Rothenstein, ya zana biyu daga cikinsu, kuma da na gan su bayan shekara hamsin da 'yan kai shigar ba ta sauya sosai ba.

Bakinsu kuwa sai dai a yi shiru. Samarin da suka girme ni tsoron hawa benen suke yi. Ranar farko da na shiga da akwati a ka, yadda muke ɗauka a gida, waƙar ta tsaya cak, sai shewa. Babbarsu, wata mai jiki da ta haifi bakwai, ta zo ta zagaya ni, ta tambayi sunana, ta kasa faɗa, ta raɗa mini wani. Amma ita ce da azumi ya zo ta lura ba na shan shayi, ta tambaya, na yi mata bayani. Daga ranar duk wadda ta ci abinci a gabana sai ta sha faɗa, kuma kullum akwai ɗan ƙunshin biredi da cuku da take tura mini a aljihu, wai in rana ta faɗi. Hannunta na dama yatsa huɗu ne. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Wurin masu ƙota ba na daɗewa, wari ya yi yawa, ƙaho da ƙashi in ana yanka su da zarto kamar ana babbaka. A can na fara riƙe guntun hauren giwa, ragowar tsohon kaya da wani ya ɓoye a ƙarƙashin benci. A ƙarni na 19 garin nan yana cikin manyan masu sayen haure a duniya, yawancinsa daga nahiyarmu, don kawai Bature ya riƙe farar ƙota a teburin cin abinci. Na juya shi a hannuna ina tunanin ta wace hanya ya bi ya zo. Abin da ya maye gurbinsa wata roba ce mai kama da haure, silulod, wadda ke kamawa da wuta kamar fetur. Tartsatsi ɗaya cikin tarin ɓarɓashinta ya isa, kuma gobarar ɗakunan ƙota ba baƙon abu ba ce a garin.

Wanda ya haɗa wuƙar da ke zagayawa a cikinku, shi a ɗaki na can ƙarshe yake, shi kaɗai da rediyonsa. Gabansa 'yar uwar maƙera da ba ta fi dunƙulen hannu ba, magagari iri-iri, da abin huda mai baka kamar na goge, yana tokare shi da ƙirji yana ja. Aikinsa ya haɗa ruwa da sifirin da ƙota su zama abu ɗaya. A bakin masu sana'ar, wuƙa mai kyau sai ta yi tafiya ta yi magana. Tafiya ita ce ruwan ya buɗe sumul ba tare da ya goga ko ya yi lakwaf ba. Magana ita ce ƙarar nan, ƙwas, da kuka ji in ta rufe. Shekara kusan hamsin ke nan, ba ta daina magana ba.

To me ya kashe wannan duka? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce kayan waje masu araha, kuma gaskiya ce. A shekarun da nake can cokula da wuƙaƙe daga Japan da Hong Kong da Koriya ta Kudu suna shigowa a kan kuɗin da bai kai na ɗanyen ƙarfen da maigidana ke saye ba. Ga kuma wahalar zamanin. Daga Janairu zuwa Maris na 1974, saboda rikicin gwamnatin Edward Heath da masu haƙar kwal, kwana uku kawai a mako ake ba masana'antu lantarki. Na ga wasunku suna murmushi. Mu ma da muka fito daga nan mun yi murmushin a lokacin, amma wanda ake biya a kan dozin bai yi ba.

Sai dai ni ina ganin ruwa ba ya tsami banza. Garin yana da wata tsohuwar ɗabi'a ta ƙin sabon abu, ko da a cikinsa aka haife shi. A shekarun 1740 Benjamin Huntsman, mai gyaran agogo, ya gano yadda ake narka ƙarfe a tukunyar yumɓu ya fito tsaf babu gauraye. Maƙeran garin suka ce ya yi tauri, sai Faransawa ne suka riƙa saye, har wuƙaƙensu suka fara ƙwace kasuwa, sa'an nan aka farka. A watan Agusta na 1913 Harry Brearley, ɗan talakawan garin da ya bar makaranta yana shekara 12, yana neman ƙarfen da zai jure a bututun bindiga, ya narka wani mai kusan kashi 13 cikin 100 na kuromiyam, ya ga ba ya tsatsa. Manyansa ba su ga abin yi da shi ba. Sai da wani manaja, Ernest Stuart na kamfanin Mosley a Portland Works, ya ƙera wuƙaƙe da shi a 1914. Masu washi suka tsane shi don yana cinye dutse, aka riƙa yi wa Brearley ba'a cewa ya ƙirƙiro wuƙar da ba ta yanka. Yau kowane cokali a gidajenku jikan wannan narkin ne, amma ba a Shefil aka yi shi ba. Tsarin ƙananan masu gidan nan da na yaba, shi ne kuma ya hana a zuba jari. Don me mai kamfani zai sayi sabon inji, alhali akwai tsoho a lungu da zai yi masa aikin da arha, in babu oda kuma ba ruwansa da shi?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambari. Tun 1624 majalisar dokoki ta kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin, wadda har yau take zaɓen shugabanta duk shekara, tana da zaurenta daura da babban cocin garin. Aikinta na asali rajistar tambari da kula da koyon sana'a. Tauraro da kuros na gidan Joseph Rodgers, ko I*XL na gidan Wostenholm da ya cika Amurka da wuƙaƙe, mutumin da bai iya karatu ba ma ya san su, ya san abin da ya saya. Sunan garin kansa ya zama jingina. Amma a shekarun 1970 wasu suka fara shigo da cokulan da aka riga aka ƙera a Asiya, a shafa musu ruwan azurfa a Shefil, a buga sunan garin. Da hannuna na tura irin akwatunan nan a baro, na ga takardar jirgin ruwa a jikinsu. Babbar matan nan masu goge cokula ta ɗaga ɗaya ta duba a haske, ta jefar a benci, ba ta ce komai ba. An ci riba shekara biyar ko goma, an sayar da abin da aka yi shekara ɗari uku ana tarawa. Rodgers da Wostenholm sun haɗe a 1971, ba su daɗe ba aka sayar da su, sunayen suka koma hannun wasu. Kamfanin Viners, wanda ya fi kowa girma a zamanina, ya durƙushe a 1982.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin masana tattalin arziki. Dattijona mai washi yana da ɗa namiji ɗaya. Na tambaye shi ko ya koya masa. Ya daina abin da yake yi, ya ce da ya ga yaron a kan dokin nan gara ya karya masa hannu. Direban bas ne ɗan, kuma uban yana alfahari da haka. Mutumin da ya fi kowa iya aikin, ya fi kowa jin kansa da shi, shi ne ya toshe ƙofar da kansa, kuma wa zai ga laifinsa? Ladan bai taka kara ya karya ba, huhu ya tafi, babu fansho sai na gwamnati. A daren nan na kasa barci, don na tuna wanda ya ɗauke ni daga gindin zuga-zugi ya kai ni makaranta, 'yan'uwansa maƙera suna yi masa surutu.

Na koma garin a 2015. Benen da na yi aiki yana nan, an wanke bulon ya yi ja, an mayar da shi ɗakunan kwanan ɗalibai, ramin mai washi ya zama wurin ajiye kekuna. A gidan tarihi na Kelham Island na tarar da Stan Shaw, wanda ya shiga sana'ar a 1941 yana ɗan shekara 14, yana haɗa wuƙa a wani ɗan ɗaki mutane na leƙensa. Masu son aikinsa sai su jira shekaru kafin layi ya zo kansu. Ya rasu a 2021 yana da shekara 94. Portland Works, inda aka ƙera wuƙar farko marar tsatsa, jama'ar gari sun haɗa kuɗi sun saye shi a 2013 don kada a mayar da shi gidajen haya, kuma akwai matasa a ciki suna ƙira. Kamfanin almakashi na Ernest Wright yana nan yana koyar da masu haɗa almakashi, aikin da ake shekara biyar ana koyo. Abin bai mutu duka ba, amma ya koma kayan marmari, na mai kuɗi da mai sha'awa. Ƙungiyar ƙwallon garin, Sheffield United, har yanzu da ruwan wuƙa ake yi mata kirari, kuma ina shakka ko rabin masu ihun sun taɓa shiga ɗakin washi.

Da zan dawo gida a 1976, mai haɗa wuƙan nan ya ba ni wannan, ya ƙi karɓar ko kwabo. Na kawo wa mahaifina tsaraba. Yana zaune a maƙera da yamma, wuta ta mutu. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, ya kai kunne. Ya gwada a gashin hannunsa. Ya ƙwanƙwasa ruwan da farce. Sa'an nan ya ce: “Wanda ya yi wannan ya san aiki. Ya sunansa?” Na ce Baba, ai ba mutum ɗaya ba ne. Na shiga lissafa masa da yatsu, mai bugu, mai tsomawa, mai washi, mai sifirin, mai yanka ƙaho, masu gogewa, mai tambari, mai haɗawa. Na gaya masa akwai wanda ya shekara hamsin yana washi bai taɓa ɗaga guduma ba. Shi da yake karɓar sifirin mota da safe ya miƙa wuƙa da kubenta kafin la'asar, ya yi shiru yana juya ta. Can ya ce: “To, wanne ne maƙerin a cikinsu?” Na buɗe baki na rufe. Da ita ya riƙa fasa goro har ya bar duniya, shi ya sa za ku ga ƙaramin ruwan ya cinye ya zama kamar tsinke.

Ina jin ta kai layin baya yanzu. Wanda take hannunsa ya rufe ta kafin ya miƙo.